Ƙofa Mai Fuska Ɗaya

Wani dare, bayan an kwashe kwanuka an rufe kaji, Mai Rediyo ya ji wata ƙara da bai san ta ba a gidansa. Shuuu, ta tsaya, shuuu, ta tsaya, kamar rediyon da aka bari tsakanin tasha biyu yana neman wadda za ta karɓe shi. Ya ɗaga kai daga matashi ya kasa kunne. Inna, matarsa, ta juya masa baya tana ta barcinta.

Shi mutum ne da ya yarda a ransa cewa rediyo ba ya mutuwa gaba ɗaya. Shagonsa na bakin gida cike yake da su, waɗanda aka kawo gyara tun lokacin da ake kawowa, masu su suka sayi waya suka manta. Yakan ce kowanne akwai ragowar magana a cikinsa, kamar yadda ɗumi ke saura a toka. Don haka da murna ya ɗauki tocila ya shiga shago, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kara musu kunne. Babu wanda ya ce masa uffan. Sai da ya fito tsakar gida ya gane daga ɗakin baya ƙarar take fitowa, ɗakin ɗansu Auta, wanda ya dawo gida a makon nan.

Ya tura ƙofa ya haska. Auta yana zaune a ƙasa cikin duhu, da guntun katako a cinyarsa, yana goge shi da samfefa. Haske na taɓa shi ya miƙe zumbur, ya mayar da hannu baya, ya tsaya ƙiƙam a jikin bango.

"Yallaɓai," in ji shi.

"Ni ne, Baba ne. Me ya sa kake aiki a duhu, ga wuta an kawo?"

Auta ya ce ya ga ba a kunna ba ne. Tsohon ya miƙa hannu ya danna makunnin da ke dab da kafaɗar ɗan nasa, ɗaki ya haske. Auta ya juya ya daɗe yana kallon makunnin, sannan ya yi 'yar dariya ya ce a can, a waje yake, a dogon barandar da gandirobobi ke bi. Mai Rediyo ma ya yi dariya, ya zauna bakin katifa ya karɓi katakon yana shafawa. Santsinsa kamar kumatun jariri.

Can ɗin da ya ce, gidan yari ne. Auta ya shiga tun gemunsa bai cika ba, saboda wani faɗa a tashar mota da ya bar wani mutum da ido ɗaya, ya fito da furfura a gefen kunne. Duk tsawon shekarun nan, in aka tambayi Mai Rediyo ina Auta, sai ya ce yana makaranta. Kowa a layin ya san gaskiya, har waɗanda aka haifa bayan tafiyar tasa. Amma mutanen layin suna da kara, sai suka bi shi a haka. Su ce ya karatun Auta, ya ce da godiya. Tela kaɗai, abokinsa na shagon da ke kallon nasa, yakan ɗago kai daga keken ɗinki ya tambaya wai har yanzu ba a ba su hutun ƙarshen zango ba.

Abin da ya fi ba tsohon mamaki a rayuwarsa shi ne yadda ƙaryar ta gaji da zama ƙarya. Ana tsakiyar wa'adin, hukuma ta miƙa gidan ga wani kamfani ya riƙa gudanarwa. Kamfani ya sake fenti, ya sake wa gandirobobi riga, ya sauke allon bakin ƙofa ya ɗora wani da ke cewa gidan gyaran hali. Auta ya ce miya ta ƙara ruwa, sabulu ya ƙanƙance, amma kuma aka buɗe aji da safe, aka buɗe wurin koyon sana'a da rana. Nan ya koyi karatu sosai, ya koyi lissafin awo, ya koyi kafinta. Ranar da ya dawo, takardar shaidarsa ce ta fara shiga gida kafin shi, don Mai Rediyo ya karɓe ta tun a bakin titi ya ɗaga ta sama ya bi ta gaban shagon Tela a hankali, kamar mai rakiyar babban baƙo. Daga ranar layin ya raɗa wa Auta suna Ɗalibi.

Sai dai akwai abin da ke cin tsohon. Ogan wurin sana'ar ya ce wa Auta in ya ga waje bai karɓe shi ba, ya dawo ya zama mai koyarwa, za a ba shi ɗaki a rukunin gidajen ma'aikata, bayan katangar. Ya ce zai kira a ƙarshen wata ya ji. Wurin kuwa tafiyar yini ce a mota, gwiwoyin Mai Rediyo sun daina irin wannan tafiyar, na Inna ma haka. Auta bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Amma jakarsa tana nan a kusurwa, bai zazzage ta ba, kullum sai ya ciro riga ɗaya ya sa, ya wanke, ya ninke ya mayar. Tsohon ya san in har wata ya ƙare layin bai ba yaron nan aiki ba, jakar za ta koma inda ta fito, wannan karon da ƙafarta.

Da gari ya waye ya sa hularsa mai kyau ya shiga layi neman aiki. Ya je wurin mai kanti, wanda kantarsa ta karkace har gwangwanayen madara suna gangarowa gefe ɗaya. Mai kanti ya yaba, ya sa albarka, ya ce zai neme shi. Ya je wurin mai aski, wanda bencinsa ke tsaye da taimakon bulo. Mai aski ya ce ai bulon ya saba da wurin. Kowa ya yi masa magana mai daɗi, kowa ya raka shi har bakin ƙofa, amma ya lura idanunsu suna komawa kan aljihun tebur. Ya dawo ya zauna a shagon Tela yana fifita da hula.

Tela ya ce shi da zai ba da aiki, amma kujerarsa ta girme shi, kuma ba ya son a taɓa manya. Sannan ya cire allura daga baki ya ce in da gaske ake, a je gidan Mai Burodi. Mutumin nan da dare yake aiki a gidan burodi, da rana yake barci, ga 'ya'ya kamar an zubar da gero, ga ƙofar ɗakinsa ta ruɓe tun damina har sun koma rataya labule. Ya ce mutumin da barci ya cika wa ido ba ya iya cewa a'a.

Haka kuwa aka yi. Uba da ɗa suka tarar da Mai Burodi zaune a kan bokiti a tsakar gida, idanu jajur, wani yaro yana hawan bayansa, wani yana buga murfin tukunya kusa da kunnensa. Mai Rediyo bai gama bayani ba ya ce a yi. Matarsa ce ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon Auta daga sama har ƙasa, ta ce ita ba ta ce komai ba, amma a yi aikin a can gidansu, a kawo a kafa kawai. Auta ya ce to, yallaɓai. Ta ce ita ba yallaɓai ba ce. Ya ce a yi haƙuri, yallaɓai.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Mai Rediyo daɗi fiye da duk wasu da zai iya tunawa. Ya fito da kujerarsa tsakar gida ya zauna yana kallo. Auta ba ya aiki kamar kafintocin da ya sani, masu fito da ƙusa daga baki suna hira. Kafin ya fara sai ya jera kayan aikinsa a kan buhu, zarto, guduma, kurfi, sukuddireba, kowanne da wurinsa, in ya gama da yamma ya sake jera su ya tsaya a gefe jim kaɗan, kamar mai jiran a zo a duba. Da ya tuna babu mai zuwa, sai ya naɗe buhun. Inna takan leƙo daga kicin ta ce yaron nan ya fi ubansa tsari, wanda ya shekara yana neman noti ɗaya a shago. Tsohon ya ce notin ne bai shirya fitowa ba.

Ƙofar ta tashi a hankali. Katako biyu Auta ya haɗa, mai kauri, ya cusa wani abu kamar auduga a tsakani. Ya sa hinji manya. Ya sa sakata irin wadda ke faɗawa da kanta in an ja ƙofa, da mariƙi na ƙarfe mai sheƙi. Daidai tsayin ido kuma ya yanka 'yar taga, faɗin tafin hannu, da ɗan murfinta mai zamewa gefe. Mai Rediyo ya ga tagar ya yi ta sha'awa. Ya ɗauka sabon yayi ne, irin abin da ake koyarwa a makarantun zamani. Ya kira Tela ya gani. Tela ya zame murfin ya mayar, ya zame ya mayar, ya ce lallai karatu ya yi amfani. Ƙofar tana jingine da bango, fuskarta tana kallonsu, kuma babu wanda ya ce a juya ta. Wa ke zuwa kallon ƙofa ya nemi ganin bayanta?

Ranar kafawa mutum huɗu suka ɗauke ta. Mai Burodi bai dawo daga aiki ba tukuna. Auta ya kafa ta, ya tsaya a tsakar gida ya ja, ta rufe da wata ƙara mai taushi, ƙyas, ya murɗa mariƙi ta buɗe ba ko kuka. Ya gwada ya sake gwadawa. Matar Mai Burodi ma ta gwada, fuskarta ta ɗan saki, har ta kawo musu ruwa a kofin baƙi. Suna fita suka yi kiciɓis da maigidan yana jan ƙafa, gari a gashin girarsa. Ya dubi ƙofar ya ce madalla, ya shige ya faɗa gado. Matar ta ja masa ita. Da yake ranar babu makaranta, ta kwashe yaran suka tafi wuni gidan yayarta, ta datse ƙofar gida da kwaɗo, tunda maigida yana da nasa makullin a aljihu, kuma akwai ƙaramar ƙofar baya.

Mai Rediyo ya wuni yana jin kansa kamar wanda aka yi wa allurar ƙuruciya. Har ya buɗe bayan wani tsohon rediyo ya hura masa ƙura.

Rana ta yi sanyi, inuwa ta tsallaka titi, sai aka fara jin kira daga lungun da ke bayan gidan Mai Burodi. Da farko an ɗauka mai tallan gawayi ne. Tela ne ya tashi ya leƙa, ya ga hannu ya fito ta tsakanin ƙarafan taga yana lilo. Mai Burodi ne. Ya ce ya farka tun ɗazu, lokacin kwaɓa fulawa ya wuce, wayarsa tana caji a falo yana jin ta tana ta kuka, shi kuma ya shafa ƙofar nan daga sama har ƙasa bai sami abin kamawa ba. Babu mariƙi, babu ƙugiya, ko kan ƙusa babu. 'Yar tagar ma ta waje ake zame ta.

Kafin ya miƙo makullin kwaɗo ta taga, rabin layin ya taru. Tela ya buɗe gida, jama'a suka bi shi, ya murɗa mariƙi da yatsa biyu, ƙofa ta buɗe salin alin. Mai Burodi ya fito da takalmi ɗaya a hannu ya ruga wurin aiki bai tsaya yi wa kowa magana ba. Mutane suka shiga ɗakin bi da bi suna kallon bayan ƙofar. Sumul take kamar allo, an goge ta har tana ɗaukar ido, ta fi fuskar kyau ma. Wani ya fara dariya, saura suka kama. Mai aski ya ce Ɗalibi ya kawo musu makarantar har gida. Mai kanti ya ce saura a raba musu riguna iri ɗaya. Ba da mugunta suka faɗa ba, abin ne ya zo musu a baki. Amma Mai Rediyo ya waiga ya ga Auta a bakin ƙofar gida, hannuwansa a baya, kansa a ƙasa, yana tsaye irin tsayuwar da ya yi a jikin bango.

Da yamma Auta bai ci abinci ba. Inna ta kai masa ta dawo da kwano yadda yake. Tsohon ya shiga ya same shi yana naɗe buhun kayan aiki yana turawa cikin jaka. Ya zauna a bakin katifa. Auta ne ya yi bayani, a hankali, yana kallon jakar. Ya ce kamfanin yana gina wasu gidajen yarin a wasu wurare, kuma duk ƙofofinsu a wurin sana'arsu ake yi. Tun da ya fara riƙe zarto bai taɓa yin wata ƙofa ba sai irin wannan. Bayan ƙofa shi ne jarrabawa: oga yakan rufe ido ya shafa da tafin hannu, in ya ji ko da tsinin ƙusa, abin da mutum zai iya ɗaura igiya ko ya ji wa kansa ciwo, sai a mayar maka da aikinka. Shi ne ya fi kowa iya bayan ƙofa. Da shi ake misali.

"Kuma Baba, ni na zauna a bayan irinta shekara da shekaru," in ji shi. "Ban taɓa ganin mariƙi a ciki ba. Wallahi ko a raina bai zo ba. Hannuna can ya saba. In oga ya kira, zan ce masa ina zuwa."

Mai Rediyo ya dubi jakar. Ya so ya ce masa uwarka fa, ya so ya ce ni fa, amma ya ga wannan ɗaure mutum ne, kuma yaron ya sha ɗauri. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce shi bai hana ba, namiji ne, ya san abin da ya fi masa. Abu ɗaya kawai: a gidan nan ba a tafiya a bar aiki rabi. Shi kansa, in ji shi, rediyon da ke shago duk bai ce ya gama da su ba, shi ya sa bai je ko'ina ba. Gobe za su je su ƙarasa ƙofar mutane, bayan nan jaka ta yi abin da ta ga dama.

Da safe suka biya kasuwa suka sayi mariƙi. Auta ya bi ta gefen titi, yana kauce wa idon mutane. A gidan Mai Burodi suka tarar da matar tana shanya, ta gan su ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta ce maigida yana ciki, ya dawo ya kwanta, ta sa masa turmi a bakin ƙofa don kada ta rufe. Auta ya ce zai cire ƙofar ya kai gida ya gyara. Tsohon ya ce a'a, a nan za a yi, kuma daga ciki. Ya ture turmin da ƙafa, ya ja hannun ɗansa suka shiga, ya ce wa matar ta rufe su.

Ƙyas.

Ɗakin ya yi tsit. Kukan yara, ƙarar babura, muryar mai tallan ruwa, duk suka yanke kamar an murɗe maɓalli. Mai Rediyo bai taɓa jin shiru mai kauri haka ba, har ya ji bugun jininsa a kunne. Ya zauna a bakin gado kusa da ƙafafun Mai Burodi, ya dubi ƙofar. Babu abin da ido zai kama a jikinta. Ya yi tunanin safiya nawa yaron nan ya buɗe ido ya ga wannan, ya kasa ƙirgawa, ya bari. Ya ga kafaɗun Auta sun sauko, numfashinsa ya daidaita, kamar wanda ya dawo ɗakinsa. Wannan ya fi komai tsorata shi.

"To, fitar da mu," ya ce.

Auta ya shimfiɗa buhu ya jera kaya. Ya auna, ya sa alama da fensir. Ya ɗora bakin abin huda a kan alamar ya tsaya, ya shafa wurin da babban yatsa, santsin nan da ya kwana biyu yana gogewa. Sannan ya danna. Garin katako ya fara zuba a kan takalminsa.

Ƙarar ta tashi Mai Burodi. Ya buɗe ido ɗaya ya ga tsoho a bakin gadonsa da kafinta a ƙofarsa, bai yi mamaki ba. Auta ya fara ba shi haƙuri, yallaɓai kaza, yallaɓai kaza. Mai Burodi ya ɗaga hannu ya ce jiya ya sha faɗa a wurin aiki, gaskiya ne, burodin safe ya makara, amma tun da aka haifi ɗansa na fari bai yi barci irin na jiya ba. Har mafarki ya yi, abin da ya ɗauka ya daina. Ya ce a sa mariƙin, amma duk wanda ya rage wa ƙofar nan kauri, shi da shi ne. Ya juya ya ja bargo.

Murfin 'yar tagar ya zame, idon matar ya bayyana. Ta tambaya ko suna da rai. Ta ce tagar nan kada a toshe ta, ta ga amfaninta, za ta riƙa duba ko ya tashi ba sai ta shiga ba. Mariƙin cikin ma, in da ita za a bi, a bar shi sai ƙarshen shekara. Daga ƙarƙashin bargo Mai Burodi ya ce ya ji ta.

Aikin ya ɗauki lokaci, don sakatar ba a yi ta don a taɓa ta daga wannan gefen ba. Sai da Auta ya fiƙe wani ƙarfe, ya gwada, ya cire, ya sake fiƙewa. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsohon yana riƙe masa noti a tafin hannu, yana miƙa masa ɗaya ɗaya, bai ɓatar da ko guda ba. Da ya ɗaure na ƙarshe, Auta ya goge hannu a wando ya ja da baya, ya tsaya gefe, yana jira. Mai Rediyo bai motsa daga bakin gado ba. Ya kama kallon silin, inda wani gizo-gizo ke saƙa. Can Auta ya matsa, ya kama mariƙin, ya murɗa. Haske da hayaniyar yara suka faɗo ɗakin gaba ɗaya.

Tela yana tsakar gidan, wai ya zo ɗaukar awon wandon yara. Ya shiga ya rufe kansa ya fito, ya ce yanzu ta zama ƙofa, da can rabin ƙofa ce. Ya ce akwai 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ma aikin dare take yi, kuma maƙwabcinta injin niƙa gare shi. Zai yi mata magana. Bai yi alkawari ba, don yarinyar tana da taurin kai, gadon gidansu ne.

Mai kanti bai aiko ba, bencin mai aski yana nan kan bulonsa. Amma ma'aikaciyar jinyar ta zo da kanta bayan kwana biyu, ta shiga ɗakin Mai Burodi ta sa aka rufe ta, ta sa yaran suka yi ta ihu a waje, ta fito ta ce a yi mata irinta. Auta ya tambaye ta, da taga ko babu. Ta ce babu. Ya tambaya, mariƙi fa. Ta dube shi, ya dube ta, sai ga shi yana dariya, dariya ta sosai har da riƙe ciki, irin wadda Inna ta ce rabonta da ji tun yana ɗan makarantar gaske.

Ranar da oga ya kira, suna zaune da yamma a bakin shagon rediyo, tsohon da Tela a benci, Auta a ƙasa yana fiƙe fensir, sabon katako jingine a bayansa. Ya dubi wayar ya miƙe tsaye kafin ya amsa. Mai Rediyo ya ɗauki wani rediyo ya hau murɗa maɓallinsa, ko batir babu a ciki. Aka gaisa, aka tambayi mutanen ciki, wane ya fita, wane ya ci jarrabawa. Sannan oga ya tambaye shi shawarar da ya yanke.

"Yallaɓai, na gode ƙwarai," in ji Auta. "Amma ina da aiki a hannu, na wata baiwar Allah, kuma ban gama ba."

Ya saurara, ya ce to, to. Kafin su yi sallama ya ce yana da roƙo ɗaya: yaran da ke wurin sana'a, a riƙa koya musu ƙofar gida ma, mai mariƙi ciki da waje, don ranar fitowarsu. Oga ya ce shawara ce mai kyau, zai kai ta sama.

Auta ya zauna ya ci gaba da fiƙe fensirinsa. Tsohon ya ajiye rediyon a hankali, ya ji gwiwoyinsa sun yi sauƙi, ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna ta ɗora shayi, da madara. Ta ce tun yaushe ya zama mai ba da oda. Ya ce tun yanzu.

Da shayi ya iso, Tela ya gyara zama. Yana ta juya kofin da aka miƙo masa, yana kallon katakon da ke jingine. Can ya ce, "Ni kam akwai abin da ban gane ba. In sun yarda sun koya musu sa mariƙi ta ciki, a jikin wace ƙofar za su gwada?"

Auta ya hure ƙurar fensir daga cinyarsa. Mai Rediyo ya kurɓi shayinsa, ya ji sukari ya yi daidai.